Yadda Babba Zai Koyi Zamiya a Kan Ƙanƙara Kafin Ya Shiga Wasan Hoki

Tun da na fara buga hoki a ƙungiyar masu koyo a nan Otawa, 'yan'uwa da ke zaune a Kanada suke ta yi mini tambaya iri ɗaya, musamman ɗalibai da magidantan da 'ya'yansu suka riga su iya zamiya a kan ƙanƙara: shin wanda ya haura shekara talatin, bai taɓa taka ƙanƙara ba, zai iya koyo har ya buga wasa? Zai iya, domin ni ma da girmana na fara. Amma akwai sharaɗi guda da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan, wato kada ya hau ƙanƙara da sandar hoki sai ya iya tsayawa cak ta ɓangaren dama da na hagu. Duk abin da zan faɗa a ƙasa an jera shi ne a kan wannan sharaɗi. Farashin da zan ambata da dalar Kanada ne, kuma yana bambanta daga gari zuwa gari. Bayanin ya shafi maza da mata, ko da yake da lafazin namiji na yi magana.

1. Hular kwano kafin komai

Abu na farko da za ka saya shi ne hular kwano ta hoki, ba takalmi ba. Ka duba bayanta ka tabbata tana ɗauke da tambarin CSA, hukumar da ke tantance ingancin kaya a Kanada. Shirin koyon zamiya na CanSkate, wanda ƙungiyar Skate Canada take gudanarwa, yana da matakai 6, kuma dokarsa ita ce duk mai koyo, yaro ko babba, sai ya sa irin wannan hula har ya gama mataki na 5. Ba sa karɓar hular keke. Faɗuwar da ta fi haɗari a kan ƙanƙara ita ce ta baya, wadda ƙeya ke fara bugun ƙasa, kuma hular hoki tana rufe ƙeya sosai.

Tun da hoki ne burinka, ka sayi wadda aka haɗa da ragar ƙarfe ta kare fuska, don kada ka yi saye biyu. Galibi za ka same ta tsakanin dala 60 zuwa 120. Ta zauna daram, bakinta kamar yatsa ɗaya a saman gira, kuma idan ka girgiza kai kada ta yi lilo.

Gargaɗi: komai za ka iya saya na hannu, amma ban da hula. Ba ka san irin bugun da ta sha a kan mai ita na farko ba, kuma soson da ke cikinta yana taurare da tsufa.

2. Zaɓen takalmi

A zuwanka biyu ko uku na farko, haya ta ishe ka. Filaye da dama suna ba da hayar takalmi, misali na dandalin Nathan Phillips da ke gaban ofishin magajin garin Toronto, inda shiga kyauta ne, kuɗin haya kawai za ka biya. Sai dai takalmin haya yawanci ya saki, wuƙarsa kuma, wato ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, ta dakushe, don haka idan ka ji ƙafarka tana karkata ciki kada ka yanke hukunci cewa kai ne ba ka da ƙarfin idon sawu. Da zarar ka tabbatar za ka ci gaba, ka sayi naka.

Takalmin zamiya iri biyu za ka gani a shago. Na masu rawar ƙanƙara yana da haƙora a gaban wuƙarsa, kuma wuƙar ta fi tsawo. Na hoki ba shi da haƙora, gaba da bayan wuƙarsa sun ɗan lanƙwashe sama. Wasu masu koyarwa suna cewa na rawa ya fi sauƙi ga sabon shiga, kuma akwai gaskiya a ciki, amma shawarata ita ce wanda zai buga hoki ya fara da na hoki tun ranar farko, domin wanda ya saba tura jiki da haƙoran gaba sai ya sake sabon koyo idan ya sauya.

Wurin awo ne mutane suka fi yin asara. Ga maza, lambar takalmin hoki tana ƙasa da ta takalmin da kake sawa kullum da lamba ɗaya ko ɗaya da rabi. Ni da kaina na fara da sayen daidai lambar takalmina na ofis, da tunanin in bar wa safa mai kauri wuri, na kwashe makonni dunduniyata tana ɗagawa a ciki, har bororo ya fito mini a ƙafafu biyu kafin wani mai koyarwa ya matsa gaban takalmin da yatsa ya nuna mini sararin da ke ciki. Ga yadda za ka gwada. Ka sa siririyar safa guda ɗaya, ka zura ƙafa ba tare da ɗaure igiya ba, ka tura yatsunka har su taɓa gaba. Idan fiye da yatsan hannu ɗaya ya shiga tsakanin dunduniyarka da bayan takalmin, ya yi maka yawa. Sannan ka buga dunduniya ta koma baya, ka ɗaure, ka miƙe tsaye. Ya kamata yatsunka su ɗan shafi gaban takalmin, idan kuma ka lanƙwasa gwiwa su janye kaɗan. Mai faffaɗar ƙafa kada ya ƙara lamba don neman sarari, ya nemi mai faɗi, wanda ake rubuta wa EE maimakon D.

Kamfanonin da suka fi yawa a kasuwa su ne Bauer da CCM. Sabon takalmi na masu farawa yana kaiwa dala 100 zuwa 200, na hannu kuma a shaguna irin Play It Again Sports ko a Facebook Marketplace kana iya samunsa da rabin haka. Idan na hannu ne, ka matsa gefen idon sawu da hannu. In ya lotsa kamar takalmin yadi, ka bar shi. Ka kuma duba ko wuƙar tana da sauran ƙarfen da za a wasa.

Gargaɗi: kada tsadar takalmi ta ruɗe ka. Na dala 800 an yi shi da tauri ne don ƙwararru masu ƙarfin tura ƙafa, kuma zai hana ka lanƙwasa idon sawu, alhali wannan lanƙwasawar ita ce abin da kake nema ka koya.

3. Washi da ɗaurin igiya

Sabon takalmi ba a wasa shi daga kamfani, don haka kada ka fita daga shagon sai an wasa maka. Ƙasan wuƙar ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Injin washi yana fafe tsakiyarsa ya bar ɗan kwarmi, sai kowace wuƙa ta zama tana da baki biyu, na ciki da na waje, kuma duk zamiya a kan waɗannan bakuna huɗu take tafiya. Idan mai washi ya tambaye ka zurfin da kake so, ka ce rabin inci, shi ne wanda aka fi yi. Mai nauyin jiki yana iya neman biyar bisa takwas na inci, wanda bai kai wancan cizon ƙanƙara ba kuma yana sauƙaƙa koyon birki. Kuɗin washi bai cika wuce dala 10 zuwa 15 ba, kuma za ka sake shi bayan kimanin awa 15 zuwa 20 na zamiya, ko da zarar ka ji ƙafa tana zillewa gefe idan ka tura.

Wajen ɗauri, ka bar wajen yatsu daidai wa daida, ka ja sosai a inda ƙafa ke lanƙwasa zuwa ƙauri, sannan ka ɗan sassauta ramin ƙarshe na sama don gwiwa ta samu ta yi gaba. Kada ka naɗe ragowar igiya a bayan idon sawu. Idan ta yi tsawo ka sayi gajera.

Gargaɗi: kada ka taka siminti ko ƙarfe da wuƙa tsirara, taku biyu ya isa ya kashe bakin. Bayan ka fito ka goge ta da tsumma har ta bushe, ka sa mata rigar yadi. Murfin roba na tafiya ne kawai, idan ka adana ta a cikinsa sai ta yi tsatsa.

4. Sutura da lokacin zuwa

Ka sa kaya marasa nauyi hawa biyu ko uku waɗanda za ka iya cirewa, domin bayan minti goma gumi za ka fara yi. Safar hannu dole ce. A makonnin farko ina ba da shawarar kariyar gwiwa da ta gwiwar hannu, da gajeren wando mai soso da ke kare ƙugu da ƙarshen ƙashin baya. Babba ba kamar yaro ba ne, daga nesa yake faɗowa kuma da nauyi, sannan gobe yana da aiki.

'Yan'uwa mata za su iya sa hijabin motsa jiki mai kama kai a ƙarƙashin hula, ba tare da fil ko allura ba, da riga mai kaiwa gwiwa a kan wando. Doguwar abaya da gyale mai jan ƙasa suna iya shiga ƙarƙashin wuƙa, a ajiye su a ɗakin sauya kaya.

Ka duba jadawalin filayen da hukumar garinku take gudanarwa, ka nemi lokacin zamiyar jama'a, musamman wanda aka ware wa manya ko na tsakar rana a ranakun aiki, lokacin da yara suna makaranta. A Toronto zamiya a filayen hukumar birni kyauta ce, a wasu garuruwan kuma 'yan daloli ne. Zuwa sau biyu a mako na minti 45 ya fi zuwa sau ɗaya na awa uku amfani nesa ba kusa ba, saboda ƙafar da ta gaji ba ta koyon komai sai kuskure.

Gargaɗi: kada ka fara koyo a kan tafki ko kogin da ya daskare. Ƙungiyar Red Cross ta Kanada ta ce kaurin ƙanƙara ya kai santimita 15 kafin mutum ɗaya ya hau, 20 kuma idan taro ne ko wasa, kuma ƙanƙara mai launin toka alamar ruwa ce a ciki. Ko hanyar zamiya ta Rideau da ke nan Otawa, mai tsawon kilomita 7.8, wadda ma'aikata ke auna kaurinta, ba a buɗe ta ko kwana ɗaya ba a hunturun 2022 zuwa 2023 saboda sanyi bai kai ba. Idan an buɗe ta ma, ba wurin ranar farko ba ce, don babu katangar da za ka dafa kuma fuskarta tana da tsaga.

5. Tsayuwa, faɗuwa da tashi

Kafin ka shiga, ka yi tafiya a kan shimfiɗar roba da ke bakin fili, wuƙaƙenka a tsaye ba a karkace ba. Sannan ka shiga da gefe, hannu ɗaya a kan katanga.

Tsayuwar ita ce tushen komai. Ka buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, ka lanƙwasa gwiwa har ta rufe maka ganin yatsun ƙafarka, ƙirji a ɗage, ido a gaba, hannuwa a gabanka kamar ka ɗora su a kan tebur. Ka tuna ɗan kokawa lokacin da yake jiran abokin karawarsa ya kawo hannu, haka ake so ka tsaya. Kusan duk babban da na gani yana koyo yana yin kuskure ɗaya, wato ya miƙe gwiwa ya sunkuya daga ƙugu kamar mai ruku'u, yana kallon ƙafafunsa, kuma yana jin kamar ya durƙusa alhali gwiwarsa a sandare take. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya na rabin minti. Abin da za ka gani zai fi duk bayanin da zan yi maka tasiri. Idan cinyoyinka ba su yi zafi ba bayan minti biyar, ba ka sauka yadda ya kamata ba.

Daga nan ka koyi faɗuwa da gangan. Ka durƙusa ƙasa sosai, ka saki jiki ta gefe a kan cinya da ƙugu, haɓa a manne da ƙirji. Ka yi haka sau biyar ta kowane gefe. Duk lokacin da ka ji za ka tafi ta baya, ka kai hannuwa kan gwiwoyinka nan take, hakan zai dawo da nauyinka gaba. Wajen tashi, ka juya ka yi rarrafe, ka kafa wuƙa ɗaya a tsakanin hannuwanka, ka dafa wannan gwiwar da hannu biyu ka tura sama, sannan ka jawo ɗayar.

Gargaɗi: kada ka tare ƙasa da miƙaƙƙen hannu, haka wuyan hannu ke karyewa. Idan kana ƙasa ka dunƙule yatsunka, akwai masu wucewa da wuƙa a ƙafa. Idan kuma kanka ya bugu har ka ji jiri, tashin zuciya ko ciwon kai, ka fita ka ga likita a ranar, ko da kana sanye da hula.

6. Tafiya gaba

Ka fara da ƙananan taku kamar macin soja, yatsu sun ɗan buɗe waje. Bayan taku biyar ko shida ka haɗa ƙafa biyu ka bar jiki ya zame da kansa. Ka rabu da katanga da wuri, a rana ta farko ko ta biyu, domin mai dafa katanga jikinsa a karkace yake, kuma karkatar ce zai koya. Haka ma abin turawa na roba da ake ba yara, ga babba sai dai ya ƙara masa sunkuyo.

Atisaye na gaba shi ne wanda nake kira zanen kalangu. Ka haɗa dunduniya biyu, ka durƙusa, ka matsa bakin ciki na wuƙaƙen biyu, ƙafafu za su buɗe suna tafiya gaba. Kafin su yi nisa sai ka juyo yatsu ciki ka jawo su su haɗu, ka sake buɗewa. Idan ka waiwaya za ka ga sawunka yana faɗi yana tsukewa kamar jikin kalangu. Wannan ne zai fara nuna maka yadda bakin wuƙa yake kama ƙanƙara.

Turawa ta gaskiya gefe ake yin ta, ba baya ba. Wanda ya tura baya kamar mai gudu a ƙasa, wuƙar za ta zame kawai. Ka ɗora nauyinka a ƙafa ɗaya mai lanƙwasasshiyar gwiwa, ka juya ɗayar waje kamar digiri 45, ka tura da bakin ciki har ƙafar ta miƙe, sannan ka dawo da ita ƙarƙashin jikinka kafin ka sauya. Ka yawaita zamewa a kan ƙafa ɗaya kana ƙirga daƙiƙa, har ka kai biyar a kowace ƙafa. Wanda ya taɓa hawa takalmi mai taya, irin wanda samari ke yawo da shi a titunan Kano da Abuja, zai ga wannan matakin ya zo masa da sauƙi, amma birkin dabam ne gaba ɗaya.

7. Birki

A nan ne ake bambanta wanda ya shirya da wanda bai shirya ba, kuma a nan za ka fi daɗewa.

Birki a kan ƙanƙara kankara ce, ba kafa wuƙa ba. Ka tsaya ka riƙe katanga da hannu biyu, ka tura ƙafa ɗaya gefe wuƙar tana kusan tsaye, har ka ga tana tara farin gari a gabanta kamar an kankare rogo. Idan ta cije ta ƙi tafiya, to ka kwantar da ita da yawa ne, sai ka ɗan miƙe idon sawun. Ka yi ta yi da kowace ƙafa har sautin ya zama shuu mai laushi, ba karkarwa ba. Sannan ka gwada cikin tafiya a hankali: zame da ƙafa biyu, durƙusa, juya yatsun ƙafa ɗaya ciki kaɗan, ka tura dunduniyar waje tana kankara har ka tsaya. Daga baya ka yi da ƙafa biyu tare.

Birkin hoki, wanda ake juya jiki gicciye a tsaya nan take, daga wannan yake fitowa. Kana cikin zamewa sai ka ɗan ɗago don nauyi ya ragu a kan wuƙa, ka juya ƙugu da ƙafafu gicciye, sannan ka sake durƙusawa. Ƙafar gaba tana kankara da bakin ciki, ta baya kuma da bakin waje. Da farko ka bar ƙafar gaba ta yi duk aikin, ta bayan ta biyo ta kawai. Kafaɗunka su ci gaba da fuskantar inda kake nufa. Idan ka ga maimakon tsayawa kana zagayawa, nauyinka ya koma dunduniya, ko kuma kafaɗa ta bi ƙugu. Ka dawo da nauyin tsakiyar wuƙa zuwa gaba kaɗan.

Kowa yana da ɓangaren da ya fi masa sauƙi. Ɗayan ɓangaren zai zama kamar rubutu da hannun hagu, kuma zuciya za ta riƙa raya maka ka bar shi sai gaba. Ka ba shi ninki biyu na lokacin da kake ba mai sauƙin. A cikin wasa faifai, wato ƙwallon hoki, ba ya tambayar ta wane gefe ka iya tsayawa, kuma wanda bai iya ba ko dai ya daki katanga ko ya kwashe ƙafafun wani magidanci da ya zo motsa jiki.

Gargaɗi: kada ka mayar da katanga birkinka, kuma kada ka gwada birkin hoki a ranar da aka yi maka sabon washi sai ka ɗan zagaya ka ji yadda wuƙar take cizo.

8. Kwana, harɗe ƙafa da tafiya baya

A kan filin hoki akwai manyan da'irori biyar, ka yi amfani da su. Ka zagaya da'ira a kan ƙafa ɗaya, da bakin ciki, sannan da bakin waje. Na waje yana da ban tsoro domin za ka jingina zuwa inda babu ƙafar da za ta tare ka, amma in babu shi babu harɗe ƙafa. Idan ya zauna, sai ka fara ɗaga ƙafar waje kana ƙetara ta ciki da ita, ta cikin kuma tana turawa ta ƙarƙashin jikinka, ƙirji yana kallon tsakiyar da'ira. A lokacin zamiyar jama'a yawanci hagu ake zagayawa, saɓanin tafiyar agogo, shi ya sa mutane da yawa ba su iya kwanar dama ba. Ka nemi tsakiyar fili ko lokacin da babu cunkoso ka biya wannan bashin.

Tafiya baya da zanen kalangu ake fara ta, amma wannan karon yatsu ne a haɗe, dunduniya a buɗe. Bayan haka ka koma yi da ƙafa ɗaya, kana zana rabin da'ira kamar harafin C, ɗayar tana tafiya miƙe. Ka zauna kamar a kan kujera, bayanka a miƙe, ka riƙa waiwaye ta kan kafaɗa. Daga ƙarshe ka koyi juyawa daga gaba zuwa baya da akasin haka ba tare da ka tsaya ba.

A wannan matakin kuɗin darasi yake biyan kansa. Ajin manya na mako 8 zuwa 10, ko na hukumar gari ko na kulob ɗin CanSkate, yana kamawa daga kimanin dala 100 zuwa 250. Waɗanda ke Amurka su nemi shirin Learn to Skate USA, yana da azuzuwan manya da na masu nufin hoki. Gurbi yana cika da wuri, ka yi rajista da zarar an buɗe.

9. Jarrabawa kafin sanda

Ka gwada kanka da gaskiya. Za ka iya zagaya fili sau biyar ba ka taɓa katanga ba kuma ba ka kalli ƙafarka ba? Za ka iya tsayawa ta dama da ta hagu a kan layin da ka zaɓa? Za ka iya tafiya baya tsakanin shuɗayen layuka biyu da aka ja gicciye a filin, ka harɗe ƙafa ta ɓangarori biyu, ka faɗi ka tashi cikin daƙiƙa biyu ko uku? Ga mai zuwa sau biyu a mako, a ganina wata huɗu zuwa shida ne, wato kusan hunturu guda.

Dalilin da ya sa nake nacewa shi ne, sanda a hannun wanda bai iya zamiya ba ƙafa ta uku take zama. Zai jingina a kanta, ya sunkuya, idonsa ya koma kan faifai, kuma tun da yana ɗan tafiya da haka, ba zai ƙara jin buƙatar gyara ƙafarsa ba. Na ga waɗanda suka shekara uku suna wasa har yau gefe ɗaya suke tsayawa. Idan ɗoki ya dame ka, ka sayi sanda ka riƙa juya ƙwallo da ita a gareji ko a ɗakin ƙasa, wannan ba ya ɓata komai.

10. Kayan hoki da shiga wasa

Mai hawan jini, ciwon sukari ko matsalar zuciya, da wanda ya haura arba'in bai saba motsa jiki ba, ya ga likita kafin wannan matakin. Hoki gudu ne da iyakar ƙarfi na minti ɗaya, a huta, a sake, kuma yana ɗaga bugun zuciya sosai.

Cikakken kaya sabo yana iya kaiwa dala 600 zuwa 1000, na hannu kuma ƙasa da rabin haka. Ga jerin yadda ake sawa: kariyar al'aura, kariyar ƙauri, doguwar safa a kanta, wandon hoki, takalmi, kariyar kafaɗa, ta gwiwar hannu, ta wuya, riga, hula, sannan safar hannu. Ka gwada sawa a gida sau biyu kafin ranar farko. Faifan da ake bugawa roba ce mai tauri, faɗinsa santimita 7.6, nauyinsa gram 156 zuwa 170, don haka kada ka cire ragar fuska ko da ka ga wasu sun cire.

Gargaɗi: ka sa kariyar wuya ko da gasarku ba ta wajabta ba. A ranar 28 ga Oktoba, 2023, ɗan wasan Nottingham Panthers, Adam Johnson, ya rasu bayan wuƙar takalmi ta yanke shi a wuya a wani wasa a Sheffield ta Ingila. A ajin masu koyo, inda kowa ke faɗuwa ƙafa a sama, haɗarin ba ƙarami ba ne, kuma kuɗinta bai cika wuce dala 20 zuwa 40 ba.

Tsawon sanda ya kai haɓarka idan kana kan takalmi. Lambar taurinta ta kai kusan rabin nauyinka a ma'aunin fam, ko ƙasa da haka, kuma ka sani yanke ta yana ƙara mata tauri. Don sanin ko ta dama ko ta hagu za ka saya, ka ɗauki shebur ɗin kwashe dusar ƙanƙara ka ga wane hannu ne yake zuwa sama da kansa. A Kanada yawancin masu amfani da dama suna sa daman a sama, bakin sandar yana hagunsu.

Ba a yarda da sanda a lokacin zamiyar jama'a ba. Ka nemi lokacin da aka ware don atisaye da sanda da faifai, sannan ajin koyon hoki na manya, daga nan wasan unguwa na haɗa-ka da ake kira shini, kafin ka yi rajista a rukuni mafi ƙasa na gasar manya irin ASHL, ta masu buga hoki don nishaɗi. A waɗannan gasanni an hana bangaza da jiki. Kuɗin kakar wasa ɗaya yana kai ɗaruruwan daloli, kuma sau da yawa da daddare ake wasa, wani lokaci bayan ƙarfe goma. Ya kamata ka kuma san cewa al'adar wasu ƙungiyoyi ce su sha giya a ɗakin sauya kaya bayan wasa. Ka faɗa musu sau ɗaya cewa ba ka sha, ni dai ban ga wanda ya ƙara tayar da zancen ba. Ka sa dogon wando na ciki mai kama jiki tun daga gida, shi zai rufa maka asiri wajen sauya kaya a ɗaki ɗaya da mutane goma sha biyar. Idan kuma wani ya ce maka wannan wasan ba na irinmu ba ne, ka tuna masa Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya ci ƙwallo 625 a gasar NHL, babbar gasar ƙwararru ta Kanada da Amurka.

A wasanka na farko ka nemi a sa ka a gefe cikin 'yan gaba, nan ne kuskure bai fiya tsada ba. Ka kiyaye doka ɗaya, kada ka ƙetara shuɗin layin abokan hamayya kafin faifai ya shiga. Bakin sandarka ya zauna a kan ƙanƙara, kanka a ɗage. Da zarar ka yi minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ka nufi benci kana kiran wanda zai canje ka, ko da kana jin kana da sauran ƙarfi, ka shiga ta ƙofa, kada ka yi ƙoƙarin tsallake katanga.